Ranar da Babban Direba Ya Ɓoye Rola

Duk layin babu wanda bai san Babban Direba ba, domin ko ba ka neme shi ba, shi zai neme ka. Kana zaune a shagon mai aski kana jiran a zo kanka, sai ka ji an ja benci kusa da kai, an yi gyaran murya, an ce, "Wato lokacin da muke fasa dutse da katafila..." Shi ke nan, ranarka ta tafi. A faɗarsa babu injin aikin hanya da bai hau ba, kuma duk ya juya su kamar yadda ake juya ludayi a tukunya. Har cewa ya yi ya taɓa ɗaukar ɗanyen ƙwai da bakin katafila ya ajiye a faranti bai fashe ba. Mai aski ya tambaye shi ina aka samu faranti a tsakiyar daji, ya ce da abinsa yake yawo.

Matarsa kaɗai ta san gaskiya. Ya yi shekaru a aikin hanya, wannan ba ƙarya ba ne, sai dai a ƙasa ya yi su da jar tuta a hannu. Shi ne mai tsayawa a gaban inji yana tare motoci, yana nuna wa direba ya matso, ya ja baya, ya tsaya. Tutar tana nan a naɗe a ƙasan akwati. Matar ba ta taɓa tona masa asiri ba. Iyakarta in ya fara zuba a ƙofar gida ta jiyo, sai ta yi tari sau ɗaya, shi kuma ya rage murya.

Ana nan sai kamfani ya zo gyaran hanyar layin. Suka kewaye wani fili a ƙarshen layi da dogon shinge, suka sa ƙatuwar ƙofar ƙarfe, suka zuba injuna a ciki. Shugaban ma'aikatan kuwa ƙanen matar Babban Direba ne. Da yake mijin yayarsa ya daɗe a zaune ba ya tsinana komai sai surutu, matar ta bi ƙanen nata da roƙo har ya samo masa gadin rana.

Ranar hutun mako ta zo, aka kwashe sauran injuna zuwa wani wurin aiki, aka bar rola ita kaɗai, wannan mai ƙatuwar gangar ƙarfe a gaba da ke danne ƙasa. Kafin ƙanen ya tafi, ya ja Babban Direba gefe.

"Yaya, don Allah ka saurare ni. Kwanan nan an sace katafila sukutum a wani wurin aiki, da rana tsaka. Ni na tsaya maka a wurin masu kamfani. In rolar nan ta yi ko gezau, wuyana za a kama. Aikinka ɗaya ne: ka kulle ƙofa, ka zauna, kada ka buɗe wa kowa."

"Kai yaro, ni za ka koya wa inji? Ina kan katafila kana tsotsar yatsa."

"Ban ce ka san inji ba, cewa na yi ka zauna."

Da safen ma sai da matar ta tare shi a bakin ƙofa ta ce, "Malam, ka rufa mini asiri. Yaron nan da aikin nan yake riƙe da iyalinsa da tsohuwarmu. Kada ka ja masa." Ya ce ta sa ido ta ga aiki.

Zama kuwa shi ne abin da Babban Direba bai iya ba. Ya zauna, ya miƙe, ya zagaya rola, ya shafa ta, ya koma ya zauna. Can wata dabara ta faɗo masa, ta cika masa kai har ya kasa riƙe ta shi kaɗai. Ya leƙa ta ƙofa ya yafito mai aski.

"Tambayarka zan yi. Ɓarawo ina yake zuwa sata?"

"Inda kaya suke."

"Inda ya san kaya suke! To duk garin nan wa bai san rola tana filin nan ba? Ni zan ɗauke ta in kai ta bayan gidana, in lulluɓe ta da tamfol, a shanya wanki a kai. Ɓarawo ya zo ya tarar da fili fayau, ya koma yana cizon yatsa."

Mai aski ya sosa ƙeya. "Ƙanen matarka ya sani?"

"In ya sani ai ba ɓoyo ba ne. Kuma bari ka ji, ni ɓarawo ba ya ɓoye mini. A ido nake gane su. Kallo ɗaya nake yi wa mutum."

Ya shiga ofis ya ciro mukulli daga ƙusa, ya kifa hular kwano, ya wangale ƙofar da aka ce kada ya buɗe, ya dafa ya hau. Da ya zauna a kujera ya dubi ƙasa, sai ya ga ƙasar ta yi masa nisa. Shekara da shekaru yana ganin rola, amma daga ƙasa yake ganinta. Daga sama ashe wata duniya ce daban. Sai dai mai aski na tsaye yana kallo, sauka kuma ba ta taso ba. Ya tuna yadda direbobi ke yi: a murɗa mukulli, a tura wata sanda mai baƙin kai da ke gefen dama. Ya murɗa. Inji ya yi tari, ya yi gurnani, ya kama. Ya tura sanda, rola ta motsa. Wallahi duk layin babu wanda ya kai shi mamaki.

Tafiyar rola ba ta fi ta tsoho mai ciwon gwiwa ba, don haka kafin ta kai tsakiyar layi kowa ya fito. Babban Direba ya gyara zama yana ɗaga wa jama'a hannu kamar wanda ya ci zaɓe. Yana cikin haka ya hango mai tumatir ta baza tirenta a gefen hanya, daidai inda gangar ta nufa.

Ƙafarsa ta laluba neman birki. Ta laluba dama, ta laluba hagu, ba ta taka komai ba sai ƙarfe. Sai hannunsa ya tashi da kansa ya yi alamar tsayawa, irin wadda ya saba yi wa direbobi. Babu wanda ya gani ya tsaya, domin direban da zai gani shi ne a kai.

Mai tumatir ta yi tsalle gefe. Rola ta bi ta kan tire a hankali, cikin natsuwa, ba ta bar ko ɗaya ba.

"Wayyo kayana! Babban Direba, makancewa ka yi?"

"Yi haƙuri, Inna, na hutar da ke zuwa wurin niƙa!"

"Uban wa ya ce maka niƙa nake so? Tsaya ka gani!"

Tsayawar ita ce matsalar. Ya fizgo sandar baya da dukkan ƙarfinsa. Rola ta yi turus, zuciyarsa ta yi sanyi, sai kuma ta fara ja da baya, ta sake bi ta kan tiren. Da ma a tsakiya ake ajiye sandar in ana son tsayawa, amma Babban Direba bai taɓa sanin tsakiya ba a rayuwarsa. Ya tura gaba can, ya fizgo baya can, rola ta dinga kai da komowa a wuri ɗaya, har tiren ya lafe da ƙasa kamar takarda.

"Kashe ta mana!" in ji wani daga cikin taro.

Ya murɗa mukulli ya zare shi gaba ɗaya, ya ɗaga sama don a gani. Inji bai ko kula ba, ya ci gaba da gurnaninsa, domin tsohon inji ne da ba a kashe shi da mukulli.

"Kai, kun ga gwaninta?" in ji mai aski. "Babu mukulli ma tafiya take yi!"

Jama'a suka ɗauki tafi. Babban Direba ya yi musu murmushin yaƙe, gumi na bin bayansa. Idonsa ya faɗa kan wani jan maɓalli, ya ce a ransa, ja ai tsayawa ce, wannan kam ko a tuta haka yake. Ya danna.

Sai gangar ta kama girgiza. Ƙasa ta ɗauki rawa, tagogi suka ɗauki ƙara, kwanuka suka fara zubowa a cikin gidaje. Mai aski ya ruga shago ya tarar madubinsa ya sauko, ya fito da gudu da jan ƙyallen da yake yafa wa masu aski a hannu. A bakin kwata bututun ruwa ya fashe a ƙarƙashin ƙasa, ruwa ya yi feshi sama. Shi kuwa gogan, haƙoransa sai haɗuwa suke, hular kwano ta sauko masa har hanci.

Nan matarsa ta fito, domin faranti ɗaya bai rage mata a kan kantar kwanuka ba. Ba ta yi ihu ba. Ta zo ta jera da rola tana tafiya a gefe, ta ɗaga kai.

"Malam, sauko."

"B-ba a s-sauka d-daga inji yana t-tafiya."

"To tsayar da shi."

"Ina d-duba w-wani abu ne."

"Ka san yadda ake tsayarwa?"

"K-ke, w-wannan b-ba maganar m-mata ba ce."

"Ni da na yi shekaru ina wanke maka tuta, ni za ka gaya wa?"

"R-rage m-murya!"

Ya dunƙule hannu ya kai wa maɓallin duka, girgiza ta tsaya. Amma garin haka gwiwarsa ta tura sandar gaba har ta maƙale. Rola ta wuce ƙofar gidansa, inda za a ɓoye ta, ko waiwaye ba ta yi ba, ta miƙe sai babban titi, duk layin na biye da ita a ƙafa. Mai tumatir na gaba tana zazzaga masa masifa, mai aski na baya yana yi wa jama'a bayanin cewa salo ne.

A bakin babban titi akwai wata tirela mai shimfiɗaɗɗen baya a fake, da mutum biyu a inuwarta sanye da riguna masu ƙyalli da hulunan kwano. Suka ga rola na tahowa, suka dubi juna. Dogon cikinsu ya taso da ɗan gudu, ya dafe, ya buga sandar ta dawo tsakiya, ya sa hannu ƙarƙashin kujera ya ja wani ɗan ƙarfe. Inji ya yi shiru. Saura taku kaɗan gangar ta hau kwalta cikin motoci.

Dogon ya saurari abin da jama'a ke kira, sannan ya rusuna. "Ranka ya daɗe, kai ne Babban Direba? Ai mun sha jin labarinka a kamfani. Turo mu aka yi mu kai ta gareji, giyarta ta lalace. Wallahi ba kowane direba zai iya fito da ita haka ba."

Babban Direba ya ji kamar an tsamo shi daga rijiya. Ya miƙe tsaye a kan rola. "Kun ji ko? Giya ce! Da wani ne a kai, da yanzu babu gida ɗaya a tsaye a layin nan."

Matarsa ta jawo bakin rigarsa da ya sauko. "Malam, kira ƙanena tukuna."

Kiran ƙanen yana nufin bayanin yadda rola ta fito titi, shi kuwa bai shirya wannan ba. Ya juya ya ƙura wa dogon ido, kallon nan guda ɗaya da ya yi wa mai aski alkawari. Dogon ya yi masa murmushi.

"Ke, wannan idon ba na ɓarawo ba ne. Ga riga, ga hula, me kuma kike nema?" Ya miƙa mukulli.

Aka sauke matakalar tirela. Siririya ce, rola kuwa faɗi gare ta, kuskure kaɗan ta kife. Dogon ya tada inji ya ce, "Wa zai tsaya gaba ya nuna mini?"

Babban Direba bai san lokacin da ya fizge jan ƙyallen daga hannun mai aski ba. Ya tsaya a gaban tirela, ƙafa a ware, ya ɗaga. Dama kaɗan. Tsaya. Hagu. Matso, matso, matso. Tsaya! Ƙyallen na yawo a hannunsa kamar da shi aka haife shi, rola ta hau ta zauna daram a tsakiya. Sannan ya shiga titi ya tare motocin dama, ya tare na hagu, babu direban da ya yi masa gardama, ya buɗe wa tirela hanya ta juya ta miƙe. Daɗi ya kama shi har cikin rai, domin tun safe sai yanzu ya yi abin da ya iya. Ya bi ta da ɗaga hannu har ta ɓace.

Ana cikin taya shi murna ƙanen ya iso a kan babur da ɗan sanda a bayansa, domin matar ta kira shi a waya tun ana ɗora rola. Ya diro ko jingine babur bai yi ba.

"Yaya, ina rola?"

"Kwantar da hankalinka, mutanenku sun tafi da ita gareji."

"Waɗanne mutanenmu? Yau hutu ne! Wa ya buɗe ƙofa?"

Duk idanu suka koma kan Babban Direba. Ƙanen ya ɗora hannu biyu a ka ya tsuguna a wurin.

Ɗan sandan ya gyara ɗamara. "Wa ya fito da inji daga fili?"

Jama'ar layin mutanen kirki ne, suka ga nasu a cikin matsala, suka ce bari su taimake shi. Mai aski ya yi gaba. "Ranka ya daɗe, shi ne, amma kada ka ji komai. Wannan gwani ne. Shekara nawa yana tuƙa katafila! Ba mukulli ma ya tuƙa ta, muna gani."

"Shi ya ɗora musu ita a tirela, tsaf," in ji wani.

"Har titi ya tare musu," in ji mai tumatir, ita kam ba don taimako ba.

Ɗan sandan ya gyaɗa kai. "To magana ta fito. Shugaban ma'aikata ya kawo mijin yayarsa, ƙwararren direba, ya ɓoye shi a rigar mai gadi, ya bar masa mukulli ranar hutu. Wannan haɗin baki ne." Ya ciro ankwa ya nufi ƙanen. "Miƙo hannu. Da kai za mu fara."

Babban Direba ya dubi ƙanen, ya ga har ya fara miƙa hannu. Ya dubi matarsa. Ba ta yi tari ba, kallonsa kawai take, hawaye na zuba. Sunan nan na Babban Direba shi kaɗai ya mallaka a layin, ya daɗe yana gina shi a kan bencin mai aski.

"Ranka ya daɗe, tsaya. Ni ba direba ba ne."

"Me ka ce?"

"Ban taɓa hawa inji ba sai yau. Mai ɗaga tuta ne ni. Yaron nan cewa ya yi in zauna kawai."

"Kai, tawali'u ne," in ji mai aski. "Mutumin da ya ɗauki ƙwai da katafila?"

"Ƙarya ce! Babu ƙwai, babu faranti! Don girman Allah ka daina taimakona!"

Matar ta share ido ta shiga gida, ta fito da tutar, ta warware ta a gaban kowa. Ta koɗe, sandar ta yi santsi daidai inda hannunsa ke riƙewa. Ɗan sandan ya dubi tuta, ya dubi tiren da ya lafe da ƙasa, ya dubi ruwan da ke feshi, sannan ya dubi mutumin.

"Ina birki yake a jikin rola?"

"Wallahi, ranka ya daɗe, tun ɗazu nake nemansa."

Ɗan sandan ya yi ƙoƙarin ɗaure fuska, abin ya ƙi. Dariya ta ƙwace masa, ta bi layin kaf, har mai tumatir sai da ta dafa bango. Ya mayar da ankwa aljihu.

"Wannan ba haɗin baki ba ne, jarrabawa ce Allah ya aiko wa kamfani. Mutanen nan sun kwana biyu suna zagaya filin, ƙofar ta gagare su. Sai kai ka kawo musu har bakin tirela."

"Ɓoye ta na zo yi," in ji Babban Direba a hankali.

"Ai kuwa ta ɓoyu," in ji matarsa.

Rola dai ba a sake ganinta ba. Ƙanen ya sha faɗa a wurin masu kamfani kamar za su cinye shi, amma shaidar ɗan sandan ta tsirar masa da aikinsa. Gadi kuwa aka ba wani. Da aka haƙa rami don gyaran bututun da ya fashe, aka rasa wanda zai tsaya ya riƙa kauda ababen hawa, sai layin gaba ɗaya ya juya ya dubi mutum ɗaya. Haka ya fito da tutarsa ya tsaya a bakin ramin, kyauta, kuma tun daga ranar sunansa ya koma Mai Tuta. In an kira shi yakan amsa, har ya ƙara da cewa shi ne mai gadin da ya raka kayan gadinsa har titi.

Da ruwan sama ya sauka, sabuwar hanyar ta zaizaye nan da can, amma wurin nan da rola ta yi ta kai da komowa a kan tiren tumatir ko tsagewa bai yi ba. Wata rana wani baƙo ya tsaya a wurin yana gyara takalmi, sai ya ji an yi gyaran murya a bayansa.

"Malam, ka ga wurin nan da kake takawa, ƙarfinsa kamar dutse? To ni na danne shi da hannuna."

Daga cikin gida aka yi tari sau ɗaya.

Mai Tuta ya rage murya. "Ba da niyya ba dai."